Ɗaurin Kunnen Zomo

"Bakanike? Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kawo mana sai mai yini a ƙarƙashin mota?"

Yaya ke wannan magana, yana tsaye a tsakiyar falo cikin farar rigarsa ta aiki, makullin motar asibiti na lilo a yatsansa. Umma na kan doguwar kujera, ta ɗora ƙafarta mai ciwo a kan filo. Ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa kaina a ƙasa, sai ka rantse sata aka kama ni na yi.

Na ce, "Yaya, ai kai ma mota kake ja."

Umma ta galla mini harara. "Auta, yayan naki kike mayar wa da magana?"

Allah ya yi ni da baki, kuma bakin nan bai taɓa jawo mini komai a gidanmu ba sai faɗa.

Amma a bar batun baki, ina da gaskiyata. Injiniya, kamar yadda kowa ke kiran bakaniken nan, ba baƙo ba ne a wurin Yaya. Garejinsa na bayan asibitin da nake aikin nas, shi ke gyara motocin asibitin, har da motar ɗaukar marasa lafiya da Yaya ke ja. A bakin Yaya ma na fara jin labarinsa. In ya hango shi tafe sai ya ce, "Auta, gyara ɗankwali, ga mai baƙin man naki nan." Da bakinsa ya ce masa ya turo manyansa duk ranar da ya shirya.

Sai ga shi rana tsaka, babu faɗa babu cacar baki, mutum ya juye. Tun ranar da motarsa ta kwana a garejin aka gyara mata ƙasa, ko ambaton Injiniya ba ya son ji.

"Na riga na amsa wa Mai Kemis," in ji Yaya. "Mutum ne mai mutunci, ga shaguna, kuma tun da ciwon sukarin Umma ya tashi bai taɓa bari maganinta ya yanke ba."

Mai Kemis dai. Mutumin da turarensa ke riga shi shiga ɗaki, in yana yi miki magana idonsa na kan waya. Ya girmi Yaya nesa ba kusa ba. Duk sanda ya zo gaishe da Umma sai na tsiri wanke-wanke, ko da kuwa kwanukan a wanke suke.

"Ni ba yarinya ba ce, Yaya. Ba na son sa."

"Ai ban ce dole ba," ya faɗa a hankali. "Zaɓi na ba ki. Ko ni, ko bakanike."

Nan Umma ta fara share hawaye da gefen mayafi.

"Tun da ubanku ya kwanta dama yaron nan bai huta ba. Ya bar makaranta don ki yi taki. Shi ya ci da ke, shi ya tufatar da ke, shi ya tsaya har kika sa farar rigar da kike yi mana yanga da ita. Unguwar nan matar wa ce bai kai asibiti haihuwa ba? Yara Mai Jiniya suke ce masa, suna bin motarsa da gudu. Yau shi za ki kunyata saboda namiji?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Ni kaina da shi nake taƙama. A asibiti in aka ce, "Ke ce ƙanwar Mai Jiniya?" har wani ɗaga kai nake yi kafin in amsa.

Na shige ɗaki na ci kukana na ƙoshi.

* * *

Washegari kafin in kama aiki na biya ta garejin. Ƙafafunsa kawai na tarar sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Na ɗan taɓa takalminsa da nawa, ya zamo ya fito yana share hannu da tsumma. Hannun nan duk sabulun duniya ba ya fitar da baƙin da ke faratansa, ni kuma a haka nake son abina.

"Me ka yi wa Yaya?"

"Ban yi masa komai ba."

"To shi me ya yi maka?"

Ya kau da kai yana ta juya sifana a hannu. Injiniya bai iya ƙarya ba, in zai ɓoye abu sai dai ya ƙi kallonki.

"Ki bar ni da shi," ya ce. "Na nemi mu zauna ni da shi. Magana ce ta maza, za mu daidaita."

"Maganar maza! Ana shirin sayar da ni ga mai turare kai kana nan kana maganar maza."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "Tafi aiki, kin makara. Babu mai auren ki sai ni, ko zan rasa hannun da nake ci da shi."

Na ce masa ya daina yi wa kansa mugun baki, na wuce.

* * *

Rana ta ɗan karkata ina sashen gaggawa na ji hayaniya a ƙofa. Mai facin da ke tsallaken garejin ne da wani direban motar haya, sun kinkimo mutum jina-jina. Tun kafin su kwantar da shi na gane takalman, na Injiniya ne.

Ban san sanda tiren da ke hannuna ya faɗi ba.

Hannunsa na dama ya dagargaje, an buge shi da ƙarfen kwance taya. Kansa kuwa a naɗe yake da bandeji, naɗi mai kyau, irin na wanda ya san aiki. Likita ya daka mini tsawa in ba zan iya ba in matsa. Na ce zan iya. Na ɗauki almakashi.

A aikinmu ba a kwance ɗaurin rauni, yanke shi ake yi ta gefe don kada a motsa ciwon. Na juya kansa a hankali ina neman inda zan saka almakashin. Sai na ga ƙullin.

An tsaga ƙarshen bandejin gida biyu, an ƙulla sau biyu, an bar jelar nan biyu a tsaye kamar kunnuwa.

Ina 'yar firamare na faɗo daga keke na fasa gwiwa. Na cika gida da ihu, Umma ta rarrasa ta gaji. Yaya ya ɗora ni a cinyarsa ya naɗe ciwon, ya tsaga ƙarshen bandejin ya miƙar da kunnuwa biyu, ya ce, "Ga zomo ya zo duba ki. In kika yi kuka zai gudu." Tun daga ranar duk wani rauni na gidanmu da kunnen zomo ake ɗaure shi. Har gyambon ƙafar Umma, kullum safe Yaya ke wanke mata shi, kuma da kunnen zomo yake rufewa. A wajen aiki filasta yake mannawa kamar kowa. Wannan ɗauri na gida ne, ba ya fita waje.

Na yanke bandejin ta gefe, ƙullin na nan yadda yake. Na nufi kwandon shara da shi.

"Nas, kada ki jefar."

Wani ɗan sanda ne, dattijo mai furfura a gemu, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya buɗe wata farar leda ya miƙo, na saka masa a ciki, ya ci gaba da magana.

"Mai faci ya ce mutum ɗaya ya ga ya shiga garejin, da hular kwano ta masu babur a kansa, shi ɗin ne kuma ya fito. Babu wanda ya ƙara shiga sai shi mai facin. Ya tarar da shi a kwance ta gefe, an ɓalle masa maɓallin wuya, an sa masa tsumma a ƙarƙashin kai. Kin ga ke nan hannun da ya fasa kan shi ne ya ɗaure shi. Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin mugu mai tausayi irin wannan ba."

Ya ɗaga ledar yana duban ƙullin.

"Kin taɓa ganin irin wannan ɗauri?"

Na ce, "Ɗauri ai ɗauri ne, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Ni kuwa na shiga banɗaki na yi ta wanke hannuna, na kasa ɗaga kai in dubi madubi.

Da yamma a gida Yaya na zaune gaban Umma yana shan shayi. Yana ba ta labari wai tun safe aka tura shi wani gari mai nisa ɗauko mara lafiya, dawowarsa ke nan ya ji abin da ya faru, har ɗan sanda ya tsayar da shi ya tambaye shi ya faɗa masa haka.

"Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan aika-aika," in ji Umma.

Yaya ya ce, "Amin." Ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

* * *

Sai da aka kwana aka yini Injiniya ya farfaɗo sosai. Likita ya ja ni gefe ya ce kan zai warke, amma yatsun daman da wuya su sake riƙe sifana.

Na ja labule na zauna a bakin gadonsa. Na zo da maganganu cike da baki, na rasa ta farko. Shi ne ya fara.

"Kin rame."

"Wa ya yi maka wannan?"

"Na gaya wa ɗan sanda, ban ga fuska ba."

"Ni ba ɗan sanda ba ce. Dube ni."

Ya ƙi duba na. Ya tsura wa silin ido.

"Ni na yanke bandejin," na ce. "Na san hannun da ya ɗaura shi. Da wannan ɗaurin aka raine ni. Don girman Allah kada ka ƙara mini da ƙarya."

Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne.

"Ranar da na gyara ƙasan motar yayanki na ga walda inda bai kamata a ga walda ba, a ƙarƙashin gadon mara lafiya. Na zaci tsatsa aka rufe, na buɗe. Akwati ne aka yi a ɓoye, cike da maganin asibitin nan, da hatiminsa da komai. Kin san mota in tana jiniya babu mai tsayar da ita a hanya. Yana kai na gaske shagunan Mai Kemis, ya dawo da na jabu a zuba a ma'ajiyar asibiti. An daɗe ana yi."

Na dafe ƙirji. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne alluran da muke yi wa yara zazzaɓi ya ƙi sauka, mu yi ta zargin iyaye da kawo su a makare. Akwai wata yarinya mai kitso biyu da ta cika a hannuna, uwarta na riƙe da rigata tana cewa in ƙara mata wata allurar. Da hannuna na zuƙo ruwan banza na tsira mata.

Na dubi farar rigar da ke jikina. Da za a ba ni wuri da na tuɓe ta nan take.

"Na roƙe shi ya daina," Injiniya ya ci gaba. "Na ce in ya daina, bakina da nasa. In ya ƙi zan kai magana gaba, don rayuka ake kashewa. Ya ce zai zo mu yi magana. Ya zo. Bayan na faɗi ina jin sa yana naɗe mini kai yana kuka, yana cewa, me ya kai ka buɗewa, me ya kai ka buɗewa."

Na kifa kaina a gefen katifar na fashe da kuka. Kukan ba na tausayi kaɗai ba ne, kunya ce ta fi yawa. Ɗan'uwana, cikinmu ɗaya, wanda nake ɗaga kai in an ambace shi.

"Ka faɗa wa ɗan sandan," na ce cikin shessheƙa. "Ka faɗa masa gaskiya."

"Ban yi masa ƙarya ba, hular kwano na gani."

"Ya nakasa ka."

"Na sani, hannuna ne." Ya ɗora na hagun a kaina. "Amma ba zan zama mutumin da ya kai yayan matarsa gidan yari ba. Umma ba za ta ɗauka ba, kin fi ni sani. In na yi magana na rasa ki, in kin aure ni ma kullum kika dube ni shi za ki gani."

"Har yanzu matarka kake ce mini?"

"To wa zan ce wa?"

Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na tashi na fita ban iya haɗa ido da shi ba.

* * *

A filin ajiye motoci na bayan asibiti na sami Yaya, yana goge cikin motarsa da tsumma yana 'yar waƙa. Na hau na jawo ƙofar na rufe.

"A'a, Auta, lafiya? Idonki ya kumbura."

Na ce, "Zomo ya je duba shi, Yaya."

Tsumman ya tsaya cak.

Ina kallo fuskar da na sani tun ina goye ta sauka, wata ta hau. Babu fushi a cikinta, babu komai, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya damƙi wuyan hannuna har sai da na ji ƙashi ya amsa.

"Wa kika gaya wa?"

"Sake ni, kana ji mini ciwo."

"Na ce wa kika gaya wa?"

"Babu kowa. Da wane bakin zan faɗa?"

Ya sake ni ya zauna a kan gadon mara lafiya, daidai saman akwatin nasa. Ya dubi hannayensa kamar yau ya fara ganinsu.

"Babu filasta a aljihuna," ya ce. "Jini na zuba. Ban ma san na yi ba."

"Abin da ya dame ka ke nan? Ƙulli?"

"Ke me kika sani? Kin zaci albashin direba ne ya yi miki karatu? Shi ke riƙe da gidan da kike kwana? Kuna ci kuna sha kuna sa mini albarka, akwai wadda ta taɓa tambayata daga ina? Na shiga don in fitar da ku kunya, na waiwaya na tarar babu ƙofar fita. Mutanen Mai Kemis ba a yi musu sallama. A wurinsu ba Mai Jiniya nake ba, ni ne wanda ake turawa in wani ya fara surutu."

"Yaya, Injiniya ba shi ne na farko ba?"

Ya kau da kai.

"Da ban je ba da wasu za a tura," ya ce, "kuma su ba sa yawo da bandeji a aljihu. Ki gode mini yana numfashi."

"In gode maka."

"Ki saurare ni da kyau. Mai Kemis ya san bakanike ya gani. Abu ɗaya ne zai sa ya ƙyale shi, ya ga kin shiga gidansa, ya san bakin kowa ya ɗinke. Ki aure shi. Bakanike ya tsira da ransa, Umma ta ƙarasa kwananta da mutuncinta, ke ma kina tafiya a titi ba a nuna ki da baki. In kuwa kika buɗe baki, ki fara tanadar abin da za ki gaya wa matan unguwa ranar da zuciyar Umma ta buga."

"Yaran da suka mutu a hannuna fa? Su me zan gaya wa iyayensu?"

Ya buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa gilashi. Wani ma'aikaci ne, wai ana neman mota, mai naƙuda ce a wata unguwa. Nan take tsohuwar fuskar ta dawo, da murmushinta da komai.

"Gani nan, ɗan'uwa. Auta, sauka, aikin Allah ya kira."

Na sauka. Ya kunna jiniya ya fita, masu gadi na ɗaga masa hannu suna yi masa addu'a.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ina ba marasa lafiya magani ina juya kwalbar ina tunanin ko ruwa ne a ciki. Mai Kemis ya zo gidanmu har da sabuwar mota, na fito na gaishe shi da ladabi, Umma ta yi ta murna wai na fara hankali. Ban ce na amince ba, ban kuma ce na ƙi ba. Bakin nan nawa da aka sani ya mutu murus.

Ranar hutuna da safe Umma ta yafa mayafi ta ce, "Ko ba zai aure ki ba bakaniken nan ɗan mutane ne, ya sha durƙusawa ya gaishe ni a falon nan. Yayanki zai kai mu in duba shi."

Yaya ya kawo uzuri iri-iri, ta ce ba ta ji ba. Umma in ta kafe babu mai tanƙwara ta.

Muka shiga ɗakin tana dogara sanda, ni ina riƙe da ita, Yaya ya toge a bakin ƙofa. Ɗan sandan nan mai furfura na zaune a gefen gadon, ya dawo yi wa Injiniya tambayoyi, farar ledar na ajiye a kan 'yar durowar da ke kusa.

Ya tashi ya ba Umma kujera. Ta zauna ta yi wa Injiniya sannu, ta yi masa addu'a mai tsawo har idonta ya kawo ruwa. Tana shafawa idonta ya sauka a kan ledar.

Ta matso da ita kusa da fuska. Sai na ga ta washe baki.

"Ikon Allah. Wannan a kansa aka ciro?"

"A kansa, Hajiya," in ji ɗan sandan.

"Umma, mu tafi," na ce. "Lokacin maganinki ya yi."

Ta ture hannuna.

"Ai wannan ɗaurin ɗana ne."

Tun da nake ban taɓa jin Umma ta ce "ɗana" a gaban mutane ba. Kullum "yayanki" ne, ko "yaron nan", kunya ba ta barin ta. Yau ta faɗa da ƙarfi, fuskarta na haske.

"Kunnen zomo muke ce masa a gida. Duk duniya babu mai yin sa sai shi. Duba ka gani."

Ta ɗan janye zaninta ta miƙo ƙafar. Ga farin bandeji nan da ya ɗaura mata da safen nan, kunnuwa biyu a tsaye.

"Ka ga halin yaron nan? Sun sami saɓani da wannan bawan Allah, ya rantse ba zai ba shi ƙanwarsa ba, amma da ya tarar da shi cikin jini bai duba wannan ba, ya tsaya ya cece shi. Ya dawo gida ko a fuska bai nuna mini ba. Haka ubansa yake, ba ya son a yabe shi."



Ɗan sandan ya dubi ƙafar Umma, ya dubi ledar, sannan ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa.

"Direba, ba kai ka ce mini ranar ba ka gari ba?"

"Tsohuwa ce, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Sukari ya taɓa mata ido. Ɗauri ai kowa na yi."

"Ni ce ban gani?" Umma ta yi dariya. "Ka ji shi ko? Kunya ce. Auta, ke kika karɓe shi ranar, ke kika cire. Gaya wa bawan Allahn nan, ba ɗaurin yayanki ba ne?"

Ɗan sandan ya juyo gare ni. Na san ya tuna amsar da na ba shi ranar farko.

Injiniya na girgiza mini kai a hankali daga kan filo. Yaya na kallona da fuskar nan ta cikin mota, a ƙarƙashinta kuma ina hango wanda ya ɗora ni a cinya ranar da na faɗo daga keke. Kalma ɗaya zan faɗa in ce Umma ta ruɗe, kowa ya koma gida. Sai na dubi hannun da ke naɗe a kan ƙirjin Injiniya, na tuna yarinyar nan mai kitso biyu.

Ban iya ɗaga kai ba. Ƙasa na gaya wa.

"Nasa ne, Umma."

"Ka ji ko?" Umma ta tafa hannu. Ta juya wajen ƙofa tana miƙa masa hannu. "Zo nan, zo in sa maka albarka a gaban mutane, ko ba ka so."

Yaya bai motsa ba. Ɗan sandan ne ya miƙe, ya zagaye kujerarta a hankali, ya zaro ankwa daga ƙugunsa.

Murmushin na nan a fuskar Umma bai gama sauka ba. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni.

"Auta," ta ce, "wannan kuma na mene ne?"